Situdiyo a cikin filashi: Su wa ke kula da manhajar ɗaukar sauti ta kyauta?

A ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle a yaƙin da ake yi da 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Birnin Gusau ya samu layi a ranar 1 ga Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗe musu.

An yi ta lissafa asarar da 'yan kasuwa da masu POS suka tafka a waɗancan makonni. Akwai kuma wata ƙaramar asara da ba a cika ambata ba. Duk matashin da ke sana'ar ɗaukar waƙa ko karatu ko talla da kwamfuta, idan manhajarsa ta lalace a lokacin, ko ta nemi a sabunta mata lasisi ta intanet, to aiki ya tsaya cak, sai dai in akwai wani a unguwa da ya adana kwafi mai kyau a filashi.

Wannan mutum mai adana kwafi shi ne batunmu na wannan mako. A duniyar kwamfuta aikinsa babban aiki ne, yana da ƙa'idoji, kuma dubban mutane na yin sa ba tare da albashi ba. Su ne masu ƙunsa manhaja da kula da ita. Ɗalibin sakandare a Tsafe ko Bunguɗu na iya shiga sahunsu tun daga ɗakin kwamfutar makarantarsu.

Mene ne ɗaukar sauti layi-layi?

Ƙasar Zamfara ba baƙuwar waƙa ba ce. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙar da har gobe ake saurare. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, haifaffen Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu. Ga Sa'idu Faru, ga Kassu Zurmi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin irin waɗannan makaɗa da matanin waƙoƙinsu.

Idan ka saurari tsofaffin kaset-kaset ɗinsu za ka lura da abu guda: akasari an ɗauke su ne a dunƙule. Muryar jagora da ta 'yan amshi da kiɗan kotso ko taushi duk sun shiga wuri ɗaya. In kiɗa ya danne murya, haka zai zauna har abada. In wani ya yi tari a tsakiyar baiti, tarin ya zama wani ɓangare na waƙar.

Ɗaukar sauti layi-layi ita ce maganin wannan. Jagora na da layinsa, 'yan amshi na da nasu, ganga na da nata, fiyano ma haka. Ana iya ɗaukarsu lokaci guda da makirfo daban-daban, ana kuma iya ɗaukar ɗaya bayan ɗaya, mai amshi yana sauraron jagora a kunne yana ɗora nasa. Daga baya sai a ɗaga wannan layi, a rage wancan, a sake wanda aka yi kuskure a cikinsa kaɗai, sannan a gauraya su su zama waƙa guda. A shekarun 1950 sai manyan kamfanoni da attajiran mawaƙa a Amurka ke da irin wannan na'ura. A 1979 kamfanin Tascam na Japan ya fito da Portastudio mai ɗaukar layi 4 a kan kaset. Yau tsohuwar kwamfutar cinya na ɗaukar layi goma ba tare da ta yi nishi ba.

Amfaninta bai tsaya ga mawaƙa ba. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, da ɗaliban Islamiyya masu shirya waƙar sauka, da masu muhawara, da ɗalibin Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke hira da tsofaffi domin kundin kammala karatu, duk suna buƙatarta.

Wadda aka fasa da wadda aka buɗe

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙananan situdiyo da dama a Arewa na aiki da FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam ko Cubase ta Steinberg na Jamus, kuma kwafi da yawa da ke yawo a filashi waɗanda aka fasa wa makulli ne. Dalili a fili yake: da dala ake sayensu. To amma mai amfani da fasasshiyar manhaja yana cikin haɗari uku. Ya karya dokar haƙƙin mallaka. Bai san abin da mai fasawar ya cusa a ciki ba. Sannan ranar da ta ƙi buɗe aikinsa, ba shi da wanda zai kai wa kuka. Kayan aro ba ya rufe katara, balle kayan da ba a ma aro ba.

Buɗaɗɗiyar manhaja daban take. Masu ita sun saki asalin rubutun da aka gina ta da shi ga kowa, ƙarƙashin lasisi irin su GPL, wanda ya halatta maka ka yi amfani da ita, ka kwafa wa wani, ka gyara ta, ka raba gyaran, muddin kai ma ka bar rubutun a buɗe. Wato tura ta a filashi daga Gusau zuwa Kwatarkwashi ba sata ba ce, abin da lasisin ya ba da izini ne.

Biyu suka fi shahara a fagen sauti. Ta farko Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000. Ba ta da nauyi, ba ta da wuyar koyo, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ta biyu Ardour, wadda Paul Davis, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko na kamfanin Amazon, ya fara rubutawa a wajejen wannan lokaci. Ita cikakkiyar situdiyo ce, har kamfanin Harrison ya gina tasa manhajar ta sayarwa mai suna Mixbus a kanta. Akwai kuma Qtractor ta Rui Nuno Capela ɗan Fotugal, da LMMS ga masu haɗa kiɗa.

Gero ba fura ba ne

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Asalin rubutun manhaja kamar gero ne a rumbu. Naka ne, amma ba ka iya sha sai an surfa, an daka, an dafa, an kirɓa. Kwamfuta ba ta aiki da rubutun kai tsaye, sai an sarrafa shi ya koma fayil ɗin da za ta iya gudanarwa. Kuma babbar manhaja kamar Ardour ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Tana jingine da wasu ƙananan manhajoji masu yawa: wadda ke zana tagogi da maɓallai, wadda ke karanta fayil ɗin WAV, wadda ke magana da na'urar sauti. In ɗaya ta ɓace, ko sigarta ba ta dace ba, komai ya tsaya.

Mai ƙunsawa shi ke ɗaukar wannan ɗawainiya. Ɗauki misalin Debian, tsarin Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, wanda sigarsa ta 12 da ta fito a Yunin 2023 ta zo da ƙunshin manhajoji fiye da 60,000. A cikin Debian akwai tawagar 'yan sa-kai da ke kula da manhajojin sauti da bidiyo, ciki har da Ardour da Audacity. Idan sabuwar siga ta fito daga masu asali, ɗan tawagar zai sauko da rubutun, ya bincika lasisin fayilolin da ke ciki, ya rubuta jerin duk abin da manhajar ke jingine da shi, ya gina ta, ya gwada, ya sa hannu da makullinsa na sirri domin a san daga gare shi ta fito, sannan ya aika rumbun Debian. Can wasu injuna za su sake gina ta domin nau'o'in kwamfuta daban-daban, har da ƙaramar Raspberry Pi. Daga Debian ne Ubuntu ke ɗibar akasarin nata ƙunshin.

Wasu sun ƙara gaba, suka haɗa situdiyo sukutum a fayil guda. Ubuntu Studio, wadda ta fara fitowa a 2007, tana zuwa da Ardour da Audacity da sauran kayan sauti a shirye. Filipe Coelho na kula da rumbun KXStudio. AV Linux kuwa Glen MacArthur ne ke haɗa ta, kuma manomi ne a lardin Ontario na Kanada. Ga jihar da take alfahari da noma, wannan abin lura ne: mutum na iya zuwa gona da rana ya kula da manhaja da dare.

Irin waɗannan masu haɗawa suna warware matsalar da ke ba sabon shiga ciwon kai, wato jinkirin sauti. In mai amshi ya ji muryar jagora a kunnensa a makare, ko da ɗan ƙiftawa ne, amshinsa zai zame daga kiɗa. Saita kwamfuta ta riƙa fifita sauti a kan sauran ayyuka, da daidaita tsarin JACK ko PipeWire da ke kai sauti daga manhaja zuwa manhaja, aiki ne da suke yi sau ɗaya domin dubban mutane su huta.

Ƙunsawa tana da wani amfani ga ɗan Najeriya. Masu Ardour sun bar rubutunta kyauta, amma wadda suka gina da kansu sai ka biya wani abu, ko da kaɗan ne, domin da kuɗin suke rayuwa. Ta gwaji da suke bayarwa kyauta tana yin shiru bayan minti 10. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 manyan bankunan ƙasar nan sun dakatar da sayayya daga waje da katin naira, ta yadda ko mai niyyar biya ya rasa hanya. Kwafin da Debian ko Ubuntu suka gina cikakke ne, kyauta ne, kuma halal ne a lasisi. Sai dai a sani cewa masu Ardour sun fi son rahoton matsala daga mai amfani da ginin da suka yi da kansu. Wanda ya samo ta daga Debian, wurin Debian zai fara kai kukansa.

Haihuwa da reno

Ƙunsawa rana ɗaya ce, kulawa kuwa shekaru ce. Misalai huɗu sun isa su nuna dalili.

A Maris ɗin 2021 Audacity ta fitar da siga ta 3.0, ta canza yadda take adana aiki. A da, aiki ɗaya kan kasance ƙaramin fayil mai ƙarewa da aup tare da jaka mai ɗauke da gutsattsarin sauti, kuma mutane da yawa sun yi asara saboda sun kwafi fayil ɗin sun bar jakar. Sabon tsarin ya haɗa komai a fayil guda mai ƙarewa da aup3. Ci gaba ne, amma tsohuwar siga kamar 2.4.2 ba ta iya buɗe shi. Ɗalibar da ta fara aiki a sabuwar kwamfutar yayanta a Gusau, ta kawo shi makaranta a Tsafe inda tsohuwar siga take, za ta tarar ƙofa a rufe. Ba laifinta ba ne. Rashin mai kula ne da zai tabbatar kwamfutocin biyu na tafiya tare.

Na biyu, a watan Afrilun shekarar kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar Audacity. Ba a jima ba aka gabatar da shirin sa manhajar ta riƙa aika bayanan yadda ake amfani da ita ta intanet, sannan a Yuli aka fito da wata sanarwar sirri da ke cewa kada 'yan ƙasa da shekara 13 su yi amfani da ita. Malaman makaranta da masu shirye-shirye a faɗin duniya suka yi ca. Kamfanin ya janye shirin na farko, ya kuma gyara sanarwar. Wasu kuma suka ɗauki rubutun suka ci gaba da shi da sunan Tenacity. Saboda rubutun a buɗe yake, an ga abin da ake shirin yi tun kafin ya iso kwamfutocin jama'a, kuma masu ƙunsawa na da damar gina ta ba tare da ɓangaren intanet ɗin ba.

Na uku, a Agustan 2016 wasu 'yan kutse sun shiga shafin FossHub, inda ake sauke Audacity a lokacin, suka musanya fayil ɗin Windows da na bogi mai hana kwamfuta tashi. An gano cikin sa'o'i. Darasin shi ne, suna kaɗai ba shaida ba ce. Shi ya sa masu manhaja ke wallafa wata doguwar lamba da ake kira SHA-256 a gefen kowane fayil. In ka lissafa ta fayil ɗin da ke hannunka ta zo daidai da tasu, to ba a taɓa shi ba.

Na huɗu bai shafi sauti kai tsaye ba, amma ya girgiza duk masu kula da manhaja. Wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowace Linux ke amfani da ita, ta daɗe a hannun mutum ɗaya, Lasse Collin ɗan Finland, har aikin ya yi masa yawa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka masa har aka amince da shi, sannan ya ɓoye ƙofar kutse a ciki. A ranar 29 ga Maris 2024 injiniya Andres Freund ya tona asirin, bayan ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa a kwamfutarsa. Gurɓatacciyar sigar ta shiga rumbunan gwaji na Debian, amma ba ta kai ga tabbatacciyar sigar da jama'a ke amfani da ita ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba kullum sabon abu ya fi tsaro ba.

Daga mai turi zuwa mai kula

A kasuwannin Gusau da Tsafe da Bunguɗu kowa ya san masu turi, waɗanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai da wa'azi a memori. A aikace rumbu ne da ba ya buƙatar intanet. Abin da ya rage kawai shi ne tsari da amana. Ga yadda ƙungiyar kwamfuta ta makaranta za ta iya farawa, tare da izinin malamin da ke kula da ɗakin.

1. A zaɓi siga ɗaya ga kowane zango, a sa ta a duk kwamfutocin makaranta, a rubuta lambarta a bango. Kada a sabunta a tsakiyar aiki. A bari sai hutu, a gwada a kwamfuta ɗaya tukuna.

2. A sauko daga shafin masu manhajar kaɗai, a duba lambar SHA-256, sannan a adana a filashi biyu, ɗaya a makaranta, ɗaya a wurin malami. In akwai tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7, a ajiye musu tsohuwar sigar da ke aiki a kansu.

3. Ga masu Linux, fayil ɗin Ubuntu Studio guda ɗaya a filashi ya isa a girka situdiyo a kwamfutoci da yawa ba tare da data ba. A zaɓi sigar dogon tallafi, wadda ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar 24.04. Akwai kuma wata manhaja mai suna apt-offline da ke ba ka damar sauko da sabuntawa a inda akwai intanet ka kai wa kwamfutar da ba ta da shi.

4. Kowane aiki aka gama, a fitar da kowane layi daban a matsayin WAV, ban da gaurayayyar waƙar. WAV kowace manhaja na buɗe shi. Minti ɗaya na layi guda a ingancin faifan CD bai wuce megabait 5 da ɗoriya ba, wato waƙar minti 5 mai layi 8 za ta ci kimanin megabait 210. MP3 na turawa a waya ne, ba na ajiya ba, domin yana zubar da wani ɓangare na sautin.

5. A buɗe littafi na takarda. Ranar da aka girka, sigar da aka girka, matsalar da aka gani, yadda aka warware ta. Ɗan aji shida zai tafi, ɗan aji huɗu zai gaji littafin. A tabbata mutum biyu aƙalla sun san aikin.

6. In an gamu da matsalar da ke maimaituwa, a rubuta rahoto ga masu manhajar: wace kwamfuta, wace siga, me aka danna, me ya faru. Wannan rahoto gudummawa ce ta gaske, kuma ta nan yawancin masu kula da manhaja suka fara. Fassara maɓallai da rubuta jagorar koyo da Hausa ma gudummawa ce.

7. A nemi izinin duk wanda za a ɗauki muryarsa, a rubuta sunansa da garinsu da ranar ɗauka a jikin fayil. Manhaja kyauta ce, amma waƙa tana da mai ita.

Me za a samu?

Na farko, sana'a. Wanda ya iya girka Linux, ya gane abin da manhaja ke jingine da shi, ya iya rubuta rahoton matsala da wani a wata ƙasa zai karanta ya fahimta, ya riga ya taka matakin farko na aikin da bankuna da kamfanonin sadarwa ke biyan albashi a kai. Ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ko ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara ya samu gurbi, zai shiga aji da abin da wasu sai sun kai shekara ta biyu za su ji labarinsa.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a Zamfara, jama'arsu sun watsu a Gusau da Tsafe da sauran garuruwa. Tare da su akwai tsofaffin da suka san waƙoƙin daka da na niƙa da na noma, da kirarin garuruwansu, da tatsuniyoyin da ba a taɓa rubutawa ba. Jikokinsu ne ke zaune a azuzuwanmu. Ɗaukar muryarsu ba ta buƙatar abin da ya wuce makirfo ɗaya da kwamfuta ɗaya da ɗaki mai nisa da janareta. Abin da ke da wuya shi ne a tabbatar bayan shekara 20 fayil ɗin zai buɗe.

Wannan shi ne aikin mai kula. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka filashin da za a nema ranar da layi ya ɗauke, yau ya kamata a cika shi, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a kuma faɗa wa wani inda aka ajiye shi.